Matan Aljeriya A Yaƙin Ƙwatar 'Yancin Kai

A ran 5 ga watan Yuli na shekarar 1962 ne ƙasar Aljeriya ta sami mulkin kanta daga hannun Faransa, bayan an shafe shekara 7 da 'yan watanni ana gwabza yaƙin da ba a taɓa ganin irinsa ba tsakanin 'yan mulkin mallaka da mutanen da suka mallaka a nahiyar Afirka. Gwamnatin Aljeriya ta ce mutum miliyan ɗaya da rabi ne suka rasa rayukansu, masu tarihi na Faransa kuwa sukan rage adadin zuwa wajen 300,000 ko 400,000. Ko wanne mutum ya ɗauka, jini dai ya kwarara.

In ana labarin wannan yaƙi, sunayen maza ne kan fara zuwa baki, watau irin su Ahmad Ben Bella, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko, da Huwari Bumadiyan da ya hamɓarar da shi a 1965. To amma akwai dubban mata da suka ɗauki yaƙin a kansu, waɗansu da bindiga, waɗansu da allura da bandeji, mafi yawansu kuwa da tukunya da dutsen niƙa. Abin da suka yi, da kuma abin da aka saka musu da shi bayan an ci nasara, ya isa a tsaya a duba.

ASALIN RIKICIN

Sojojin Faransa sun sauka a gaɓar Aljeriya a shekarar 1830. Sannu a hankali suka ƙwace gonaki masu albarka suka raba wa Turawa 'yan kaka-gida, har daga baya suka ce ƙasar wani yanki ne na Faransa kanta. Tun a wancan zamani mata ba su zauna ba. A duwatsun Kabiliya an yi wata mai ilmin addini, Lalla Fatima Nasumar, wadda ta tara mayaƙa maza da mata ta tare wa Faransawa hanya, sai a 1857 suka kama ta, ta rasu a tsare a 1863.

Ran 8 ga watan Mayu na 1945, ranar da Turai ke murnar kayar da Jamus, mutanen garin Setif suka fito suna neman nasu 'yancin. Rikici ya ɓarke, aka kashe Turawa wajen 100, sojoji da 'yan kaka-gida kuwa suka rama a kan dubban Musulmi. Shekara 2 bayan wannan, wata ungozoma mai suna Mamiya Shantuf da wata ɗalibar likitanci, Nafisa Hamud, suka kafa ƙungiyar matan Musulmin Aljeriya. Sukan bi gidajen biki da na suna suna wayar wa mata kai, suna kuma tara taimako don iyalan waɗanda aka ɗaure.

Sa'ad da ƙungiyar FLN ta ɗauki makamai ran 1 ga watan Nuwamba na 1954, Turawan da ke ƙasar sun kusa miliyan ɗaya, Musulmi kuwa wajen miliyan 9. A cikin matan Musulmi, fiye da kashi 90 bisa 100 ba su iya karatu da rubutu ba, kuma ba a ba su damar jefa ƙuri'a ba. Faransawa ba su taɓa tsammanin wata barazana za ta fito daga wannan ɓangare ba.

ABIN DA RAJISTA TA NUNA

Bayan yaƙi, Ma'aikatar Tsofaffin Mayaƙa ta Aljeriya ta yi rajistar waɗanda suka yi gwagwarmaya. A cikin mutum 336,784 da aka rubuta, mata 10,949 ne, watau kashi 3 da ɗan ɗori bisa 100. Wadda ta zauna ta tantance waɗannan takardu ita ce Malama Jamila Amran, wadda aka haifa da sunan Daniel Min. Ita kanta Baturiya ce da ta shiga FLN tana 'yar makaranta, ta shiga daji, aka kama ta a ƙarshen 1957 aka ɗaure, daga baya ta zama malamar tarihi a jami'a.

Binciken nata, wanda ya fito a littafi a 1991, ya nuna cewa fiye da kashi 80 bisa 100 na waɗannan mata fararen hula ne, kuma galibinsu mutanen ƙauye ne. Waɗanda suka shiga rundunar 'yan sari-ka-noƙe a daji ba su kai 2,000 ba. Masu kai hari da bam ko bindiga a cikin birane, waɗanda duniya ta fi sani, ba su wuce kashi 2 bisa 100 ba. Har wa yau, kusan mace ɗaya cikin kowaɗanne 5 da aka rubuta, ko dai an ɗaure ta ko an kashe ta.

MATAN ƘAUYE

Soja ba ya yaƙi da yunwa, kuma mayaƙan FLN ba su da motocin kai abinci ko ɗakunan ajiya irin na gwamnati. Ƙauyuka ne barikinsu. Da dare ya yi tsaka sai ayari ya gangaro daga dutse ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka amince da shi. Matan gidan su tashi su hura wuta, su niƙa alkama ko sha'ir, su tuƙa kuskus su gasa gurasa, su wanke kakin mayaƙan su ɗinke inda ya yage. Kafin asalatu baƙin sun ɓace, ya rage wa matan su share sawun takalma su kawar da duk wata alama.

Ban da girki, mata ne masu gadi. Yarinya mai kiwon awaki a kan tudu ita ce za ta fara hango ƙurar motocin soja, ta ba da alama. Tsohuwa mai zuwa kasuwa takan ɗauki wasiƙa ko kuɗin gudummawa ko magani a cikin tufafinta ta wuce shingen bincike. A gidaje da dama an haƙa rami a ƙarƙashin ɗaki inda ake ɓoye makamai ko mayaƙin da aka yi wa rauni, matar gida kuma ita ke jinyarsa har ya miƙe.

Wannan aiki da rai ake yinsa. Idan sojoji suka gano ƙauye ya ciyar da mayaƙa, sai su ƙone gidaje, su karkashe dabbobi, su kwashe maza. Mayaƙa suna iya komawa cikin duwatsu, amma matan da suka dafa musu abinci suna nan a gida da goyo, su ne za su amsa tambaya. An yi wa da yawa dukan kawo wuƙa, an kuma yi wa da yawa fyaɗe, abin da mafi yawansu suka binne a ciki saboda kunya da tsoron abin da dangi za su ce.

Da Faransawa suka ga ba za su iya raba mayaƙa da mutanen karkara ba, sai suka ware yankuna masu faɗi suka ce duk wanda aka gani a ciki a harbe shi. Suka kwashe wajen mutum miliyan 2 daga ƙauyukansu suka zuba a sansanoni masu shingen waya, inda ake auna wa kowane gida abinci don kada ya yi saura. A 1959 wani matashin jami'in gwamnatin Faransa, Mishel Rokar, wanda daga baya ya zama firayim minista, ya rubuta rahoto a kan yunwa da mutuwar yara a waɗannan sansanoni. Duk da haka mata sukan rage daga ɗan abin da aka auna musu, su fake da zuwa itace ko ɗebo ruwa su kai wa na daji.

A irin waɗannan wurare ne a 1960 aka sa wani soja mai ɗaukar hoto, Mark Garanje, ya ɗauki hotunan mata wajen 2,000 don yin katin shaida, aka tilasta musu cire lulluɓi a gabansa. Hotunan suna nan har yau, kuma irin kallon da matan suka yi wa na'urar ya isa shaida a kan abin da ke zuciyarsu.

MASU JINYA A DAJI

Daga shekarar 1956 'yan mata masu ilmin boko suka soma barin makarantu da asibitoci suna shiga daji, musamman bayan yajin karatun da ɗalibai suka yi a watan Mayu na shekarar. A watan Yuli sojoji suka kama uku daga cikinsu, Safiya Bazi, Fadila Mesli da Maryam Belmihub, jaridu suka buga hotunansu cikin kaki. Nan ne Faransawa da yawa suka fara gane cewa 'ya'yan manyan gida ma sun shiga yaƙin.

Asibitin daji kogo ne ko bukka. Sau da yawa babu maganin sa barci, babu isasshen bandeji, ga shi dole a kwashe majinyata a canza wuri da zarar an ji ƙarar jirgin sama. Waɗannan mata sukan kuma duba matan ƙauye, su karɓi haihuwa, su koya musu tsabta da dalilin yaƙin. Malika Gaid, wata ma'aikaciyar jinya, an kashe ta a 1957 a bakin kogon da take jinyar masu rauni a Kabiliya. Nafisa Hamud kuwa, wadda a lokacin ta riga ta zama likita, an kama ta a daji a watan Nuwamba na wannan shekara.

Amma fa ba dukan kwamandoji ne suka yi na'am da zaman mata cikin runduna ba. Waɗansu sun hana su riƙe bindiga, sun tsare su a girki da wanki. Daga ƙarshen 1957 aka riƙa tura da yawa daga cikinsu zuwa Tunisiya da Maroko. Kuma har yaƙin ya ƙare, babu mace ko ɗaya a majalisar ƙoli ta FLN ko a gwamnatin wucin gadi da ta kafa a 1958.

'YAN MATAN KASBA

Kasba ita ce tsohuwar unguwar Musulmi a birnin Aljiyas, mai lunguna da gidaje manne da juna. A watan Yuni na 1956 Faransawa suka soma fille kawunan fursunonin FLN a kurkukun Barbarus, a watan Agusta kuma waɗansu Turawa masu tsattsauran ra'ayi suka tayar da bam cikin dare a wani layi na Kasba, gidaje suka rufta a kan mutane suna barci. Shugaban mayaƙan unguwar, Yasif Sa'adi, ya ƙudura ramuwa. Matsalarsa ita ce an kewaye Kasba da waya, ana laluben duk namijin da zai fita.

Sai aka koma ga mata. Ran 30 ga watan Satumba na 1956 'yan mata uku, Zuhra Drif da Samiya Lakdari, dukansu ɗaliban koyon aikin lauya, da Jamila Buhired, suka yi shigar Turawa, suka ɗauki jakunkuna irin na masu zuwa shan iska bakin teku, suka wuce sojoji ba tare da an bincike su ba. Bam ɗin Zuhra ya tashi a wani kantin shan madara da ake kira Milk Bar, na Samiya a wani gidan shan shayi, na Jamila kuwa da ta ajiye a ofishin kamfanin jiragen sama bai tashi ba. Mutum 3 suka mutu, wajen 50 suka ji rauni.

Waɗanda abin ya shafa fararen hula ne, har da ƙananan yara. Wata yarinya 'yar shekara 5 ta rasa ƙafarta da kakarta a Milk Bar, kuma bayan fiye da shekara 50 ta rubuta wa Zuhra Drif buɗaɗɗiyar wasiƙa. Zuhra ta tsaya a kan cewa mulkin mallaka ne ya jawo haka, kuma mutanenta ba su da jiragen yaƙi irin waɗanda ake ƙona ƙauyukansu da su. Har yanzu ana gardama a kan wannan batu a ƙasashen biyu.

A watan Janairu na 1957 aka danƙa birnin a hannun Janar Masu da sojojinsa na laima, suka shiga kame da azabtarwa babu ji babu gani. Da suka gane dabarar shigar Turawa, mata suka koma wa farin lulluɓinsu na gargajiya, suna ɓoye bindigogi da takardu a ƙarƙashinsa. Wani lokaci har mayaƙa maza sukan lulluɓa su saje da mata. An kama Zuhra tare da Yasif Sa'adi a watan Satumba. Ran 8 ga watan Oktoba sojoji suka kewaye gidan da Hasiba Ben Bu'ali, 'yar shekara 19, take ɓoye tare da Ali La Fuwant da wani saurayi da wani yaro ɗan aike. Suka ƙi fitowa, aka sa nakiya aka tarwatsa gidan, maƙwabta da dama ma suka mutu.

KURKUKU DA KOTU

An harbi Jamila Buhired aka kama ta a watan Afrilu na 1957, aka gana mata azaba da wutar lantarki, sa'an nan kotun soja ta yanke mata hukuncin kisa a watan Yuli. Lauyanta, Jak Berjes, ya mai da shari'ar ta zama tuhumar Faransa kanta, ya kai maganar ga jaridun duniya. Ƙorafi ya yi ta zuwa daga ƙasashe, har a 1958 aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai. A wannan shekara mai shirya fim na Masar, Yusuf Shahin, ya yi fim a kan rayuwarta, sunanta ya game ƙasashen Larabawa.

Mata 6 aka yanke wa hukuncin kisa a lokacin yaƙin, waɗansu ba su kai shekara 20 ba, amma ba a zartar a kan ko ɗaya ba. A kurkukun Barbarus, duk asubahin da aka fito da namiji za a kai shi wurin fille kai, matan da ke tsare sukan ɗauki guɗa da waƙoƙin kishin ƙasa, matan Kasba su amsa daga kan soraye, gari duka ya san an kashe wani.

A watan Fabrairu na 1960 aka kama wata Jamilar, Jamila Bupasha, bisa zargin ajiye bam. An azabtar da ita fiye da wata guda, har aka yi mata fyaɗe da kwalba. Maimakon ta yi shiru, sai ta yarda lauyarta, Jizel Halimi, ta shigar da ƙarar waɗanda suka yi mata haka. Marubuciya Simon de Bobuwa ta buga labarin a jaridar Le Monde, mai zane Pikaso ya zana hotonta. Ba a hukunta kowa ba, domin afuwar da aka yi a 1962, wadda ta sa aka sake ta, ita ce kuma ta rufa wa masu azabtarwar asiri.

RIGIMAR LULLUƁI DA ZANGA-ZANGA

Faransawa sun lura cewa duk wanda mata suka bi shi ne zai ci yaƙin, saboda haka suka shiga zawarcinsu. A watan Mayu na 1958 aka shirya taruka a Aljiyas inda aka kawo matan Musulmi suka cire lulluɓi a bainar jama'a, matan manyan janar-janar suna tafi. A wannan shekara aka ba su damar jefa ƙuri'a, a 1959 kuma aka yi dokar aure da saki. Likitan nan Frantz Fanon, wanda ya bar aikin gwamnati ya bi FLN, ya rubuta cewa wannan dabara ta sa mata da yawa da suka daina lulluɓi sun koma masa don nuna ƙin jinin mai mulki.

Amsar gaskiya ta zo a watan Disamba na 1960 sa'ad da Janar Digol ya kawo ziyara. Ran 11 ga wata dubban mutane suka cika titunan Aljiyas, mata a sahun gaba suna guɗa, suna ɗaga tutoci masu launin kore da fari waɗanda suka ɗinka a ɓoye. Sojoji suka buɗe wuta, fiye da mutum 100 suka mutu a 'yan kwanakin nan. Ran 19 ga watan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa mutanen Aljeriya suna da haƙƙin zaɓar makomarsu.

Nijeriya ma, wadda ba ta fi wata 3 da samun mulkin kai ba, ta yi nata karon da Faransa a kan abin da ake yi a ƙasar Aljeriya. Bayan Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya karo na uku a Reggan cikin hamadar Sahara, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta daga Ikko a watan Janairu na 1961.

A can Paris kuwa, bayan 'yan sanda sun hallaka 'yan Aljeriya masu zanga-zanga ran 17 ga watan Oktoba na 1961, har aka jefa waɗansu cikin kogi, mata ne suka fito da 'ya'yansu bayan kwana 3 suna neman a sako mazajensu. An kwashe ɗaruruwa daga cikinsu. Wata 5 bayan haka aka sa hannu a kan yarjejeniyar Ebiyan, aka tsagaita wuta ran 19 ga watan Maris na 1962.

BAYAN AN CI NASARA

A majalisar farko ta 1962 mata 10 ne kawai cikin wakilai 196. Waɗansu daga cikin fitattun sun ci gaba: Zuhra Drif ta zama lauya, daga baya mataimakiyar shugaban majalisar dattawa, Nafisa kuwa ta riƙe ma'aikatar lafiya a 1991. An sa wa wani babban titi a Aljiyas da jami'ar garin Shalif sunan Hasiba. Mafi yawa dai gida suka koma, da yawansu zawarawa da marayu a hannu.

A 1981, da gwamnatin Shazali Ben Jadid ta kawo daftarin dokar iyali, tsofaffin mayaƙa mata suka sake fitowa titi, suna cewa ba a yi shawara da su ba. An janye daftarin, amma a 1984 aka zartar da dokar. Masu goyon bayanta sun ce daga fiƙihun Malikiyya aka ciro ta. Masu suka kuwa sun nuna yadda ake fitar da matar da aka saka daga gida da 'ya'yanta babu wurin zuwa. A 2005 aka yi mata gyara, aka ɗora wa miji samar da muhalli ga uwar da ke riƙon 'ya'ya. A zaɓen 2012 dokar ware kujeru ta kai mata 146 majalisa mai wakilai 462, amma a zaɓen 2021 adadinsu ya faɗo ƙasa da kashi 10 bisa 100.

Maganar azabtarwa ma mace ce ta sake tono ta. A shekarar 2000 Luwizat Igilahriz ta bayyana wa jaridar Le Monde abin da aka yi mata a hannun sojojin laima a 1957. Janar Masu, yana tsoho tukuf, ya amsa cewa an yi azabtarwa, ya kuma nuna nadama. A watan Maris na 2019 aka ga Jamila Buhired, ta haura shekara 80, cikin masu zanga-zangar ƙin tazarcen Shugaba Butaflika, matasa suna sumbatar goshinta.

Sai dai adadin nan na 10,949 bai kai ko kusa da yawan matan da suka yi aiki ba. Kafin a rubuta mutum a ba shi fansho, sai ya cika takardu ya kawo shaidu daga cikin waɗanda suka yi gwagwarmaya tare. Matar ƙauye da ba ta iya karatu ba, wadda mayaƙan da ta ciyar suka mutu a duwatsu, ba ta da mai tsaya mata, wata ma ba ta ɗauki girkin da ta yi a matsayin yaƙi ba, balle ta je ofis neman lada. Waɗannan su ne suka fi yawa, kuma mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya ba tare da sunansu ya shiga wani littafi ba. Allah ya jiƙansu.